Jan Kum na Shagon Gwana

Akwai wata mai kitso da duk unguwarsu ba a kiranta da komai sai Gwana, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Idan ta kama kai ta tsaga, sai ka rantse da ma'auni ta auna. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Madubi ɗaya ne dogo a ciki, da bencin masu jiran layi, da kujera 'yar tsugunno, sai butar lantarki a lungu. Hannunta da sauri, bakinta kuwa ya fi hannun sauri. Aibinta ɗaya ne, amma babba. Gwana ta ɗauka igiyar auren da ke kanta ta fifita ta a kan sauran mata, kuma ta yi imani idonta yana gane mace mai cutar ƙanjamau tun daga bakin ƙofa.

A cikin gwangwanin kayan aikinta akwai baƙaƙen kum guda huɗu, na matan aure. Sai wani ja guda ɗaya da take ajiyewa daban a bayan madubi. Wannan na waɗanda ba ta yarda da su ba ne: bazawara, budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba, da duk wadda ta cika rama. Ba ta taɓa faɗa wa ko ɗaya daga cikinsu a gaban idonta ba. Cikin hira da dariya za ta miƙa hannu bayan madubi ta ɗauko shi, matan da ke benci su haɗa ido su ƙunshe dariya. Da mai kan ta fita sai a jona buta, a kwarara wa kum tafasasshen ruwa, a saɓe shi da sabulu, Gwana tana yi tana yatsina fuska.

"Ni ba za a kawo min mugun abu shago ba," haka take ce wa matan. "Cutar nan ai ta waɗanda ba su kama kansu ba ce. Mace tana ɗakinta, a ƙarƙashin mijinta, ina ita ina ƙanjamau?"

An sha faɗa a rediyo cewa kum da kofi da gaisawa ba sa ɗaukar cutar. Amma da an fara irin wannan bayani Gwana take murɗa tasha ta nemi waƙa.

Wadda ta fi kowa shan jan kum ita ce wata bazawara da ake kira Siririya. Tun tana yarinya haka Allah ya yi ta, ba ta da jiki. Tana aikin karɓar baƙi a wani otal, tana zuwa kitso duk bayan Asabar biyu. Mace ce mai fara'a da gaisuwa, ba ta shigowa hannu rabbana, ko alewa ce sai ta riƙo wa mutanen shago. Duk da haka tana juya baya sunanta ya koma 'Yar Otal.

Abin tinƙahon Gwana a duniya shi ne mijinta, Hedimasta. Ƙato ne mai tumbi da farin gilashi, mutum mai magana ɗaya-ɗaya. Kafin rana ta faɗi yana gida. Ba ya zuwa ko'ina sai bita, sau biyu ko uku a shekara, ya yi mako guda ya dawo mata da tsaraba. Yana da wata yaya da ke zaune a layin bayansu, wadda Gwana ta riƙa kamar uwa. Yaya take ce mata, kamar yadda mijin ke faɗa. Kullum Yaya tana shago, a bakin benci kusa da fanka. Kitsonta kyauta ne, sirrin Gwana duk yana hannunta, kuma idan an ɗauko jan kum dariyarta ta fi ta kowa ƙarfi.

Wata shekara Hedimasta ya yi ta fama da zazzaɓi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar da zai je asibiti shago ya cika, sai Yaya ta ce wa Gwana ta yi zamanta, ita za ta raka ƙaninta. Suka dawo da yamma da wata farar kwalba da aka ɓare takardar jikinta, aka ce hawan jini ne. Tun daga ranar Gwana ta ɗauki aikin ba shi magani. Kowace safiya bayan shayi za ta buɗe kwalbar, ta zazzago ƙwaya ɗaya, doguwa, ruwan hoda, mai 'yan lambobi a jiki, ta sa masa a tafin hannu ta miƙa masa ruwa. Ya murmure, tumbi ya dawo har ya fi da.

"Mutumin nan ko maganinsa ba ya iya sha sai na ba shi," take faɗa a shago, tana jin daɗi. "Maza ai manyan jarirai ne."

Yaya takan yi dariya ta ce, "Ke dai Allah ya yi miki albarka, ƙanwata."

Abu ɗaya ne ya tsaye wa Gwana a rai: shekara tara da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta kitsa kan 'ya'yan mutane har ba ta san iyaka ba, ta sa musu ribom da duwatsu masu launi, uwayensu su zo su ɗauke abinsu ta bi su da kallo. A shekara ta goma, kimanin shekara guda bayan ciwon Hedimasta, sai ga ciki. Murna a wajen Gwana ba a magana. Har kitso kyauta ta yi wa mutum uku a ranar da aka tabbatar mata.

Yaya ce ta raka ta awon farko. Aka auna nauyi, aka auna jini, sannan wata nas ta zaunar da ita ta ce saura gwajin ƙanjamau. Nan take fuskar Gwana ta canza.

"Sista, kin dube ni da kyau kuwa? Shekarata goma a ɗakin mijina. Ban taɓa sanin wani namiji ba."

"Ba zarginki ake yi ba," in ji nas ɗin. "Kowace mai ciki muke yi wa. Idan ma an samu, akwai maganin da uwa ke sha ya kare jariri. Don abin da ke cikinki ne, ba don kowa ba."

Maganar jariri ta ɗan taɓa zuciyar Gwana. Ta dafa cikinta, ta leƙa layin matan da ke jiran gwajin a bakin wata ƙofa, sannan ta juya ta kalli Yaya. Da a ce Yaya ta gyaɗa kai kawai, da an wuce wajen.

"Matar Hedimasta guda?" Yaya ta faɗa tana gyara mayafi. "A gan ki a layin can a ce me? Gobe duk matan shagonki sun ji. Rufa mana asiri, tashi mu tafi."

Gwana ta sa hannu a takardar cewa ba ta so, ta fito tana hura hanci. Da ta ba mijinta labari a wajen cin abinci, sai ya ajiye cokali ya daɗe yana kallon kwano. Can ya ce ta kyauta, mace mai mutunci ba ta biye wa irin waɗannan abubuwa. Ba ta sake komawa asibitin ba. Yaya ta samo mata wani ƙaramin gidan haihuwa inda ba a cika tambaya ba, a can ta sauka.

Ta haifi mace, kyakkyawa, da gashi baƙi wuluk cike da kai. Kowa Shalele yake ce mata. Gwana ta samu kan da yake nata na kanta. Tun yarinya ba ta iya zama ba aka tara mata ribom cikin gwangwani guda. Ta shayar da ita shekara ɗaya da rabi, tana goye da ita tana kitso, tana yi mata waƙa.

Bayan yaye sai yarinya ta fara lalacewa. Yau tari, gobe gudawa, jibi bakinta ya yi fari fat da ƙuraje ta kasa cin komai. Gashin nan da ake yabo ya yi ja, ya yi laushi, yana bin kum idan an taje. Yaya ta ce haƙori ne. Hedimasta ya ce laulayin yaye ne, zai wuce. Ita kuwa Gwana sai zuciyarta ta tafi kan wata Asabar da Siririya ta ɗauki Shalele ta sumbace ta a kumatu. Daga ranar, idan Siririya za ta zo, sai a kai yarinya wajen matar tela.

Wata safiyar Asabar Gwana ta ɗaga Shalele ta ji ta yi laƙwas. Idonta a kafe, tafin hannunta fari kamar takarda. Ko shago ba ta buɗe ba, suka kwasa sai babban asibiti, ita da Hedimasta da Yaya. Likita ya duba ƙasan idon yarinya, ya sa aka auna, ya dawo da sauri. Ya ce jininta ya kusa ƙarewa, dole a ƙara mata yau ɗin nan, kuma irin nata ya ƙare a ma'ajiyarsu. Sai 'yan uwa su bayar.

Gwana ta juya wajen mijinta. Ƙato guda, ai ledar jini biyu ma za a samu.

"Kin manta ina da hawan jini?" ya ce, bai kalle ta ba. "Bari in je in nemo cikin malamaina." Ya fita yana danna waya, ba a sake ganinsa ba sai la'asar.

Yaya ta dafe goshi ta ce ita tun safe jiri take ji. Gwana ta naɗe hannun riga ta miƙa nata aka ɗebi na gwaji. Kafin sakamako ya fito ta zauna a benci tana kiran matan baƙin kum ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce sai ta tambayi maigida, kuma ya fita. Ta biyu ta ce maigidanta ba ya son a taɓa jininta. Ta uku ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gwana, an ce fa sai sun gwada mutum kafin su ɗiba. Ni a gan ni a wajen nan a ce me?" Sauran ma ba su ɗaga wayar ba.

Tana nan zaune hawaye na zuba sai ta ji sallama. Siririya ce, kanta a tsefe cikin ɗankwali. Ta je kitso ta tarar da shago a kulle, tela ya faɗa mata abin da ya faru, ta biyo sawu.

"Anti Gwana, an ce jini ake nema? Ina ne ɗakin? Ni ina bayarwa lokaci-lokaci, sun ma san ni."

Ka ji fa ikon Allah, 'yarta tana kwance rai a hannun Allah, amma Gwana sai da ta bi bayan mai gwajin jini har bakin ƙofa ta raɗa masa: "Malam, waccan a gwada ta da kyau. A otal take aiki."

Mutumin ya dube ta ta saman gilashi ya ce, "Kowa da kyau muke gwadawa."

Bayan kamar rabin awa wata dattijuwar nas ta fito. Ta ce wa Siririya ta shiga a ɗiba, jininta ya yi. Sannan ta kama hannun Gwana ta kai ta wani ɗan ɗaki mai labule, ta rufe ƙofa, ta ba ta kujera.

"'Yata, naki ba za mu iya sa wa yarinya ba."

"Bai zo ɗaya da nata ba?"

"Ya zo ɗaya. Amma mun sami ƙwayar cutar ƙanjamau a ciki."

Gwana ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Kun haɗa kwalaben! Wallahi kun haɗa! Na waccan ne kuka liƙa min. Ni matar aure ce!"

Nas ba ta yi musu da ita ba. Ta sa aka kawo kayan gwaji, aka huda yatsan Gwana a gaban idonta, aka sake da wani iri daban. Duk abu ɗaya suka nuna. Aka nemi izininta aka gwada Shalele, ita ma tana da shi. Nas ɗin ta tambaye ta a hankali ko an yi mata gwaji lokacin awo. Gwana ta sunkuyar da kai. Nas ta fahimta, ta numfasa ta ce da an sani a lokacin, da wuya ƙwarai yarinyar ta ɗauka. Ta ƙara da cewa yanzu ma ba ƙarshen duniya ba ne, akwai magani, kuma masu shan sa a kan ƙa'ida suna rayuwarsu har su tsufa. Gwana tana jin maganar kamar daga wani ɗaki ake yin ta.

Ta koma gefen gado ta zauna. An rataye ledar jini, yana ɗiga a hankali yana shiga hannun Shalele. Siririya tana kujerar gefe da auduga a gwiwar hannu, tana shan lemo, tana cewa, "Kin gani, Anti? Leɓenta ya fara yin ja." Gwana ta kasa haɗa ido da ita.

Kada ka ɗauka a nan ta zargi mijinta. Ko kusa. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne a shago ta kwaso, wata rana ta yi sakaci ba ta tafasa ruwa sosai ba. Tausayin Hedimasta ya kama ta. Ta ce a ranta ta cuci bawan Allah, ga hawan jini ga abin da za ta jawo masa. Kwana uku tana jinya tana neman bakin da za ta faɗa masa, tana shirya yadda za ta durƙusa ta roƙi gafara. Shi kuwa yana zuwa da ledar ayaba ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce warin asibiti yana tayar masa da ciwo.

Rana ta huɗu Shalele ta buɗe ido ta nemi ruwa, har ta sha shayi cokali biyar. A ranar aka kai Gwana wajen karɓar nata maganin. Aka yi mata bayani, ƙwaya ɗaya kullum, kada ta tsallake. Aka miƙo mata farar kwalba. Ta fito baranda ta zauna, ta murɗe murfin, ta zazzago ɗaya a tafin hannunta. Doguwa ce, ruwan hoda, da 'yan lambobi a jiki.

Shekara uku tana zazzago ƙwayar nan kowace safiya. Ko ido a rufe ta san ta. Ta zauna a wajen har mai shara ta zo ta ce ta ɗaga ƙafa.

Ta bar yarinya a hannun dattijuwar nas ta nufi gida da tsakar rana. Ta tarar da su a falo, Hedimasta yana duba takardun makaranta, Yaya tana gyaran farce. Ba ta yi musu magana ba. Ta wuce ɗaki ta ɗauko kwalbarsa, ta dawo ta ajiye ƙwaya biyu a kan teburi, tasa da tata, gefe da gefe.

"Maigida, wacce ce ta hawan jinin?"

Ya kalli teburin, ya cire gilashi, ya shiga goge shi da bakin riga. 

"Shekara uku," in ji Gwana. "Da hannuna nake ba ka. Kana sha kana ƙiba, ni da 'yarka muna mutuwa a tsaye. Na zo na ce maka na ƙi gwaji, ka ce na kyauta!"

"Ki yi a hankali, maƙwabta suna ji," Yaya ta ce.

Gwana ta juya ta kalle ta. Ba mamaki a fuskar Yaya, ko na sisin kwabo. A nan ta tuna wanda ya raka shi asibiti, da wanda ya ce tashi mu tafi, da wanda ya samo gidan haihuwa. Wannan ya fi na mijin yi mata ciwo.

"Yaya, har da ke? Ke da na ɗauka uwa? Kina zaune a shagona kullum kina dariya?"

"To ya kike so in yi?" Yaya ta ce, ko kunya babu. "Ƙanina ne, ciki ɗaya. Namiji ne, ya yi tafiya, ƙaddara ta faɗa masa. Da an gwada ki an samu, shi za a nema. Mutum mai matsayi, iyayen yara su ji, ina zai sa kansa? Mace ita ce rufin asirin mijinta. Kuma muka ga kina nan garau, muka ce wataƙila Allah ya tsare."

"Shalele fa? Ita asirin wa ta tona?"

Sai a lokacin Hedimasta ya mayar da gilashinsa ya yi gyaran murya. Gwana ta ɗauka haƙuri zai bayar. Wallahi da ya ce ta yafe masa, wataƙila da ta saurara.

"Wa ma ya san wanda ya fara kawowa?" ya ce. "Ke da kike wuni kina shafa kan matan otal? Da bakinki kike faɗa a shagonki ake iya ɗauka."

 Maganar Gwana ce ya ɗauko ya yanka ta da ita.

Kafin a sallamo Shalele daga asibiti, Yaya ta gama zaga unguwa. Gida-gida ta bi, tana share hawaye, tana cewa matar ƙaninta ta kwaso ciwo a wajen kitso ta kawo musu gida. Ba wanda ya yi gardama. Ai Gwana ce da kanta ta shekara goma tana koya musu cewa cutar a kan mata take, kuma kum yana ɗaukarta. Maza suka riƙa tare Hedimasta a hanya suna yi masa jaje. Suka ce bawan Allah, ga shi da ƙibarsa da kamalarsa, mace ta ja masa. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake yi a wajen bita.

Gwana ta kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin da ke bayan shago, ita da 'yarta. Ta buɗe shago ranar Litinin ta share, ta goge madubi, ta zauna. Benci ya wuni ba kowa. Matan baƙin kum suna wucewa ta ɗaya gefen titi, wata ta ɗaga hannu daga nesa, wata ta yi kamar waya take amsawa. Matar tela da ke karɓar Shalele ta ce yanzu aiki ya yi mata yawa. Haka aka yi mako biyu. Baƙin ciki ya ishi Gwana, ta rasa wanda za ta fi jin haushi, mijin, ko Yaya, ko kanta.

Ranar Asabar da hantsi sai ga sallama. Siririya ta shigo da ledar alewa, ta ɗauki Shalele ta cilla sama ta cafe, sannan ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta zame ɗankwali.

"Anti, wata guda kaina a tsefe. A yi min ƙanana."

"Ba ki ji abin da ake faɗa ba?" Gwana ta tambaya a sanyaye.

"Na ji. Kitso na zo."

Gwana ta sa hannu a gwangwani ta ɗauko baƙin kum. Siririya tana kallonta ta madubi, sai ta yi murmushi.

"Yau ba jan ba ne? Ai na saba da shi. Tun zuwana na biyu na gane. Wata rana na manta jakata na dawo, na tarar kina zuba masa ruwan zafi."

Kum ya faɗi daga hannun Gwana. "Kin sani, kika ci gaba da zuwa? Kin sani kika ba 'yata jini?"

"Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ranar har kuka na yi a hanya. Amma kin iya kitso, kuma yarinya ba ta yi min komai ba. Ni mijina na bari saboda na ce mu je a gwada mu ya ce na raina shi. Shi ya sa nake zuwa gwaji da ƙafata. Ɗauki kum ɗinki, Anti, rana tana yi."

Gwana ta yi kitson nan tana kuka, hawaye na ɗiga a wuyan Siririya. Da ta gama ta miƙa hannu bayan madubi ta ɗauko jan kum, ta jefa shi cikin gwangwani tare da sauran.

A hankali wasu suka dawo, yawancinsu ƙawayen Siririya ne, irin waɗanda da ake yi wa dariya. Gwana tana shan maganinta, ta yi ƙiba, ba mai kallonta ya ce tana da wani abu. Shalele ma ta tashi, gashi ya dawo baƙi ya cika kai, har ana sa masa ribom. Kowace safiya uwa ta sha nata, ta ba 'yar nata, sannan a buɗe shago.

Wata safiya, yarinya tana da shekara huɗu, tana zaune tsakanin ƙafafun uwarta ana yi mata kitson makaranta. Ta haɗiye maganinta ta ɓata fuska, ta ɗago kai ta kalli uwar ta madubi.

"Mama, yaran ajinmu idan sun warke suna daina shan magani. Ni yaushe zan gama nawa?"

Gwana, mai bakin da ya fi hannu sauri, ta tsaya da silin gashi a yatsunta. Ta tuna layin matan nan a bakin ƙofar gwaji, da ɗan lokacin da zai ɗauke ta ta tsaya a cikinsa. Ta juya kan yarinyar a hankali ta ce, "Tsaya da kyau, Shalele, kada tsagar ta karkace."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Cutar ƙanjamau ba ta duba takardar aure, ba a gane ta a rama ko ƙiba, kuma ba a ɗaukarta a kum ko kofi. Duk wanda ya mayar da ita ciwon wasu irin mata, ya rufe idonsa daga ƙofar da za ta iya shigo masa, kuma ranar da ta same shi, da bakinsa za a hukunta shi. Gwaji ba zargi ba ne, musamman ga mai ciki, domin ɗan lokaci a layi yana iya kare yaro har ƙarshen rayuwarsa. Namijin da ya san halin da yake ciki ya ɓoye wa iyalinsa don kare girmansa ya ci amana, haka ma duk wanda ya taya shi ɓoyewa da sunan rufin asiri. Mu daina auna mutuncin mutane da ido, mu je a gwada mu, mu faɗa wa abokan zamanmu gaskiya tun tana da amfani.